Ƙwayar da Ta Faɗo a Apapa

Jirgin ya shigo da asuba, ya yi kuka sau biyu
kamar bijimin da ya hango mahauta.
Ina bakin ƙofa ta uku, gammo a hammata,
ina karyawa da shayin Ilu Bazabarme
da rabin burodin Agege.

Tsawonsa ya fi garinmu.
Na auna da ido: daga masallacin Juma'a
har gidan Sarkin Ruwa, da sauran fili.
Cikinsa alkama zalla.
Ba hannu ke sauke ta ba, wani bututu ne ke zuƙa,
kwana da yini, ko ruwa bai tsaya sha ba.
Namu aikin sai ta zama fulawa:
buhu a ka, taku arba'in, tirela, a dawo.
Kafin azahar mun yi fari fat,
Iya Sikira mai wake tana kiranmu fatalwan Ikko.

Jiya Barau ya kira ni daga Auyo.
Yayana ne, shi ya riƙe fadamar Baba.
"Talle, buhu goma sha bakwai na jingine a ɗaki.
Dillali ya zo, ya cusa hannu, ya tauna,
ya ce kyau kam akwai kyau,
sai dai ta jirgi ta fi araha.
Abin da ya taya ko kuɗin taki bai kai ba,
balle man injin ban-ruwa."
Ban samu na faɗa ba. Katinsa ya ƙare,
ya rufa mini asiri.

An ce wasu ne suka zauna a wata ƙasa,
ɗaki mai sanyi, gorar ruwa gaban kowa,
suka rage kuɗin fito da alƙalami ɗaya,
suka yi musafaha, aka ɗauki hoto.
Ilu ya ji a rediyo, yana fifita gawayi.
Ni ban ga takardar ba. Shafi nawa ce, oho.
Na dai san ba a bar gurbin dangwalen Barau ba,
shi da ya kwashe daren sanyi cikin ruwa har ƙauri,
yana buɗe wannan fangali, yana toshe wancan.
Alkama bisa dutse, in ji Baba,
Allah ke ba ki ruwa.
Ruwan ya samu, Baba. Kasuwar ce ta ƙafe.

Nakan tuna da wanda ya shuka ta can ƙetare.
Ko shi ma akwai mai bin sa bashi?
Ko ya san kan wa guminsa ya sauka?
Ban tsane shi ba. Manomi ne.
Da zai zo, da Barau ya shimfiɗa masa tabarma,
Indo ta soya masa funkaso,
su yi ta gardamar iri har la'asar
ba tare da ɗaya ya ji yaren ɗaya ba.

Watan jiya ƙwaya uku suka faɗo daga mota,
na riga tattabaru.
Na cika gwangwanin madara da ƙasar bakin kwata,
na ajiye a tagar ɗakinmu na mutum shida.
Biyu suka ruɓe.
Ɗaya ta tsiro, siririya, ta kai tsawon yatsa,
ta shaƙi gumin Legas da hayaƙin janareta,
ta yi rawaya, ta kwanta.
Nan ba ƙasarta ba ce. Na gane ta.

Yau aka biya mu na sati.
Na cire na wake, na cire na shayi,
saura na tura Auyo a toshe bakin mai taki.
Kuɗin dakon alkamar baƙi
zai sayi wa tamu wata shekarar.

Barau ya ce zai sake shukawa.
Na ce to.
A bayan wannan jirgin, can kan teku,
na ƙirga wasu huɗu suna jiran layi.